Sautukan da Suka Faɗa Tsakanin Maɓallan Fiyano

A wannan mako zan ɗan kauce wa siyasa da tsadar rayuwa, in ɗauko wata magana wadda a ido ƙarama ce, har wani zai ce ta ƙosassu ce. Amma a ganina tana taɓa wata dukiya da muke asara a hankali ba tare da an ji kukan kowa ba. Maganar ita ce ta sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli a jikin fiyano, waɗanda makogwaron ɗan'adam ke iya fitarwa, goge da algaita ma suna fitar da su, amma na'urar da a yau ta zama alƙalin kiɗanmu ba ta san da zamansu ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, rabon da fiyano ya yi wa sauti yarjejeniya ce da wasu mutane suka ƙulla a wani zamani domin biyan wata buƙata tasu. Yarjejeniya ce mai amfani ƙwarai. Sai dai ranar da muka ɗauke ta a matsayin dokar halitta, har muka fara kiran duk abin da ya saɓa mata kuskure, to ranar ce muka fara rushe gidanmu da hannunmu.

Tsani a kan gangare

Sauti girgiza ce. Idan aka kaɗa tsirkiya, tana kai da komowa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, kuma gwargwadon saurin girgizar gwargwadon sirancin sautin. Sautin da makaɗan Turai suka amince su riƙa saita kayansu a kansa yana girgiza sau 440 a daƙiƙa. Idan aka ninka, ya zama 880, kunne zai ji kamar sautin farko ne ya dawo cikin siririyar murya, kamar yadda magidanci da ƙaramar 'yarsa za su rera amshi ɗaya tare, kowa a muryarsa, ba a ji sun saɓa ba. Wannan tazara Turawa na kiranta oktaf. Ni a nan zan kira ta zango.

Tsakanin farkon zango da ƙarshensa babu matakala. Gangare ne sumul, murya tana iya tsayawa a duk inda ta ga dama, a kan 445 ko 500 ko 731. Abin da fiyano ya yi shi ne ya jingina tsani mai hawa 12 a kan wannan gangare, ya ce ba a tsayawa sai a kan hawa. Tazarar da ke tsakanin hawa da hawa ita ake kira rabin taku, biyu daga cikinta kuma taku guda. Cikakken fiyano yana da maɓalli 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma dukkansu maimaicin waɗannan 12 ne daga zango zuwa zango. Daga 440, maɓalli na gaba yana kan 466. Duk abin da ke tsakani, a wurin fiyano, babu shi.

A shekarar 1885 wani masanin harsuna da lissafi ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya fito da ma'aunin da ake amfani da shi har yau. Ya raba zango gida 1,200, ya kira kowane kaso sent, ta yadda rabin taku ya zama sent 100. Kunnen da ya goge yana iya rarrabe sauti biyu da tazararsu ba ta kai sent 10 ba. Ke nan tsakanin kowane maɓalli da maƙwabcinsa akwai aƙalla masaukai goma da kunne zai iya shaidawa. Waɗannan ƙananan tazarori, da ba su kai rabin taku ba, su ne masana ke kira maikuroton. Ellis ya auna kayan kiɗan al'ummu daban-daban da suka zo hannunsa a Landan, daga Indiya da Sin da Japan da tsibirin Jaba, ya kuma kammala da cewa tsanin sauti ba ɗaya ba ne a duniya, kowace al'umma ta sassaƙa nata.

Lissafin da ya ƙi cika

Mai karatu zai iya tambaya, to me ya sa 12? Amsar tana cikin wata tsohuwar matsalar lissafi da ake dangantawa da Fitagoras na Girka, wanda ɗalibanmu suka sani a darasin alwatika. Magabata sun lura cewa sauti biyu sun fi daɗin haɗuwa a kunne idan girgizarsu ta yi daidai da ƙananan lambobi: 2 bisa 1, wato zango, sai 3 bisa 2, sai 4 bisa 3, sai 5 bisa 4. Idan mutum ya fara daga sauti guda yana hawa da 3 bisa 2, a hawa na 12 zai ga ya kusa komowa kan sautin da ya faro, zango 7 a sama. Ya kusa, amma bai iso daidai ba. Ninka ɗaya da rabi sau 12 yana ba da 129.7, ninka 2 sau 7 kuwa yana ba da 128. Wannan ɗan rara, kimanin sent 23, ya hana masana barci shekaru aru-aru, domin babu dabarar da za ta ɓatar da shi. Sai dai a ɓoye shi a wani lungu, kuma duk lungun da aka tura shi, a nan kiɗa ke yin tsami.

Mafitar da ta yi nasara daga ƙarshe ita ce a raba rarar daidai wa daida, kamar yadda magada kan raba bashin mamaci kowa ya ɗauki kaɗan. Wani ɗan sarautar Sin mai suna Zhu Zaiyu ya fitar da cikakken lissafin wannan rabo a 1584, Simon Stevin na ƙasar Holan ma ya zo da irinsa a daidai wannan zamani. Duk da haka sai a ƙarni na 19 tsarin ya mamaye fiyanon Turai. Amfaninsa a fili yake: mawaƙi na iya farawa daga kowane maɓalli waƙarsa ta fita iri ɗaya, makaɗa ɗari na iya haɗuwa ba tare da gardama ba, masana'anta kuma na iya ƙera kaya dubbai masu saiti guda.

Amma an biya farashi. A fiyanon yau, in ban da zango, babu tazara ko ɗaya da ta zauna daidai kan waɗancan ƙananan lambobi. Inda lissafi ya ce 660, fiyano yana ba da 659 da 'yan kai, wannan kam da sauƙi. Inda lissafi ya ce 550, fiyano yana ba da 554, saɓanin kusan sent 14, wanda ƙwararren mai gogen Turawa ko mai rera waƙa ba tare da kiɗa ba yake gyarawa da kunnensa ko bai san lissafin ba. Ashe alƙalin da muke kai wa ƙarar kowa, shi ma da ɗan karkacensa. Mudu ne da 'yan wata kasuwa suka amince da shi, kuma kowa ya san mudu ba ya zama ɗaya daga kasuwa zuwa kasuwa.

Daga Bagadaza zuwa Alƙahira

Babu inda aka ɗauki wannan magana da muhimmanci kamar ƙasashen Larabawa da Farisa da Turkiyya. A Bagadaza, zamanin Halifa Haruna Rashid, an yi wani gwanin kaɗa ud, wato molon Larabawa, mai suna Mansur Zalzal. A lokacinsa akwai wurare biyu da aka sani na ɗora ɗan yatsan tsakiya a wuyan ud. Shi sai ya samo na uku, sautin da ya fito kuma ya shiga ran mutane har aka raɗa wa wurin sunansa. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya auna wurin a cikin littafinsa Kitabul Musiƙal Kabir, ya ba shi lissafin 27 bisa 22. A ma'aunin Ellis wannan ya kama sent 355. Fiyano yana da 300, yana da 400. Sautin Zalzal ya faɗa kusan tsakiyar ramin.

Bayan Alfarabi, Safiyuddin Al'urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya raba zango gida 17 a littafinsa Kitabul Adwar. A wajejen 1840 kuma wani likita ɗan Labanan mazaunin Dimashƙa, Mikha'il Mishaƙa, ya rubuta bayanin rabon zango gida 24, wato kowane taku a yanka shi huɗu, rubu'i-rubu'i, sent 50 kowanne. Wannan rabo shi ne Larabawa ke rubuta kiɗansu da shi a yau.

Mai karatu ya san waɗannan sautuka ko da bai san sunansu ba. Ƙira'a ba waƙa ba ce, kuma malamai suna da maganganunsu game da iyakar ƙawata murya a cikinta. Sai dai masu nazarin sauti sun daɗe da lura cewa manyan makarantan Masar da muke saurare a rediyo, irin su Abdulbasiɗ Abdussamad da Minshawi da Musɗafa Isma'il, muryoyinsu suna bin hanyoyin da Larabawa ke kira maƙamai. Huɗu daga cikin manyan maƙaman, Bayati da Rast da Sika da Saba, an gina su ne a kan sautukan da babu su a fiyano. Wannan taushin da ke sa jikin mai sauraro ya yi sanyi, wanda ba a iya cewa farin ciki ne zalla ko baƙin ciki zalla, sau da yawa daga wannan tsakiyar ramin yake fitowa. Haka abin yake a muryar Ummu Kulsum. Duk wanda ya gwada bin ta da fiyano na yau da kullum zai ji kamar an sa wa mutum takalmin da ba nasa ba.

A watannin Maris da Afrilu na 1932, Sarki Fu'ad na Ɗaya ya kira babban taro a Alƙahira kan makomar kiɗan Larabawa. Makaɗa sun zo daga Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Siriya da Iraƙi, masana kuma daga Turkiyya da Turai, cikinsu har da Bela Bartok na Hangari da Paul Hindemith da Curt Sachs na Jamus. Tambayoyi biyu suka fi tayar da ƙura. Ta farko, shin a tsayar da rubu'in taku 24 masu girma ɗaya a matsayin doka? Ta biyu, shin a shigar da fiyano cikin kiɗan Larabawa? Abin mamaki, da yawa daga cikin baƙin Turai su ne suka riƙa jan hankali cewa a yi hattara da kayan Turai, alhali wasu 'yan bokon Masar na ganin ci gaba ba zai samu ba sai an daidaita komai kamar yadda Turai ta yi. Rauf Yekta na Turkiyya ya ƙi amincewa da rabon 24 masu girma ɗaya, domin a wurinsa bai dace da abin da makaɗa ke kaɗawa ba. Aka tashi ba a haɗu kan magana ɗaya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. A takarda an ci gaba da rubuta 24. A aikace makaɗa suka ci gaba da bin kunnensu. Sautin Sika na mutanen Halab ya ɗan fi na Alƙahira tashi, na Istanbul ya fi duka biyun, kuma ko a bakin mawaƙi guda, wurin da yake ajiye shi a Rast ba nan yake ajiye shi a Bayati ba. Bambancin ƙarami ne, amma da shi ake gane ɗan gari. Taron ya kuma bar wata gagarumar gado: an naɗi kiɗan tawagogin a faya-fayai fiye da 150, waɗanda masu bincike ke komawa gare su har yanzu.

Hani bai yi magani ba

Turkawa sun raba taku guda gida 9, suna kiran kowane kaso koma. Iraniyawa suna da alamomi biyu, koron da sori, waɗanda Ali Naƙi Waziri ya ƙirƙiro domin rubuta sautukan tsakani. A Indiya kuwa, tsohon littafin Natya Shastra, mai kusan shekara 2,000, ya ambaci ƙananan tazarori 22 da ake kira shuruti. Bahaushen da ya tashi da finafinan Indiya ya san wannan jan murya na Lata Mangeshkar ko Muhammad Rafi, inda murya ke zamewa daga sauti zuwa sauti ba tare da ta yanke ba. Indiyawa suna ɗaukar wannan zamiya a matsayin ran waƙar.

Ƙasashen biyu, Turkiyya da Indiya, kowace ta gwada warware rikicin da ƙarfin hukuma, ɗaya ta nan ɗaya ta can. A 1934 gwamnatin Turkiyya, cikin zumuɗin kamo Turai, ta hana sa kiɗan gargajiyar Usmaniyya a rediyo. Jama'a suka karkata akalar rediyonsu zuwa tashar Alƙahira, kafin shekara biyu ta cika aka janye hanin. A Indiya kuma, a 1940, gidan rediyon ƙasa ya haramta harmoniyam, wani ɗan akwatin kiɗa mai maɓalli da zuga-zugi wanda asalinsa daga Turai ya zo, bisa hujjar cewa ba ya iya zamiya kuma ba ya fitar da shuruti. Hanin ya kai har 1971. Amma yau da wuya ka ga zaman waƙa a arewacin Indiya ko Pakistan babu harmoniyam a gaban mawaƙi. Makaɗan sun koyi zama da shi: akwati ya riƙe ginshiƙi, murya ta yi yawonta a tsakani. Idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma mai rawa ne ke da ƙafa.

A nan Afirka ma tsanin ba ɗaya ba ne. Amadinda ta Baganda a Yuganda tana raba zango kusan gida 5 masu girma ɗaya, kowanne wajen sent 240. Timbila ta mutanen Chopi a Mozambik da balafon na Mandinka a Gini suna raba shi kusan gida 7, kowanne wajen sent 171. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya hau kan maɓallan fiyano. Su kansu Turawa ba su taɓa rasa masu tawaye ba. Nicola Vicentino ya ƙera kayan kiɗa mai rabo 31 a Italiya tun 1555. Alois Haba, wanda shi ma ya halarci taron Alƙahira, ya shirya wasan kwaikwayon waƙa da rubu'in taku, aka fara nuna shi a 1931. Harry Partch na Amurka ya raba zango gida 43, ya sassaƙa kayan kiɗansa da hannunsa. Baƙaƙen fatar Amurka kuwa, a kiɗansu na bulus, sun riƙa lanƙwasa wayar jita da yatsa domin su kamo sautin da ƙarafan wuyanta suka hana su.

Mu dawo gida

Ba zan yi da'awar cewa kiɗan Hausa an gina shi a kan rubu'in taku irin na Larabawa ba. Akasarin karin waƙoƙinmu na gargajiya yana yawo ne a kan sautuka biyar a cikin zango. Abin lura shi ne inda ake ajiye biyar ɗin, da kuma yadda ake tafiya tsakaninsu. Goge da kukuma izga ce a miƙe, babu ƙarfe ko alama a jikinta da za ta ce wa yatsa tsaya nan. Gurmi da kuntigi da garaya ma wuyansu sumul yake. Mai algaita yana tayar da sauti ko ya kwantar da shi da ƙarfin numfashinsa. Mai kalangu yana matse igiyoyin a hammata ya saki, sautin ya hau ya sauka kamar magana. Kowane ɗayansu a kan gangare yake tafiya, kuma wurin da ya saba tsayawa yana cikin abin da ke sa tsohon mai sauraro ya rarrabe kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam, ko ya shaida gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗanmaraya Jos tun kafin a buɗe baki.

Akwai kuma dalili daga harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai karin sama, da na ƙasa, da faɗau. Kalmar kai ta nuna mutum da kai na jiki, karin sauti ne kaɗai ya raba su, na biyun faɗau ne, wato murya ta faro daga sama ta zame ƙasa a gaɓa guda. Kalangun da ke bayan Mamman Shata yana iya faɗar wannan zamiya, shi ya sa muke cewa ganga tana magana. Maɓalli ba ya iya faɗar ta. Ko dai ya ce sama, ko ya ce ƙasa.

Tun daga shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa, ƙaramin fiyanon lantarki ya zama uban kiɗa a Kano da Kaduna da Jos, har zuwa Maraɗi da Damagaram. Ba na cikin masu tsine masa. Ya ba dubban matasa sana'a, ya kai waƙar Hausa inda kalangu bai taɓa zuwa ba, ya kuma buɗe ƙofar kiɗa ga wanda bai gaje shi ba. Daga baya kwamfuta ta shigo da nata tsarin. Harshen da kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi, wanda ake kira MIDI, ya fito a 1983, kuma ya ba kowane rabin taku lamba, daga 0 zuwa 127. A 1997 aka fito da manhajar Auto-Tune, ƙirƙirar wani injiniya mai suna Andy Hildebrand, wanda a da aikinsa nazarin girgizar ƙarƙashin ƙasa ne domin neman man fetur. Aikin manhajar shi ne ta saurari murya, duk inda ta tsaya tsakanin hawa biyu ta janyo ta zuwa mafi kusa. Idan aka tsananta saitinta, zamiya takan kakkarye ta zama matakala, wannan rawar muryar ke nan da muke ji a yawancin waƙoƙin yau.

Na taɓa zama a wani ɗakin ɗaukar sauti inda aka gayyato wani dattijo mai goge domin ya ƙawata wata waƙa. Ya ja baka, ɗakin ya cika. Sai matashin da ke kan kwamfuta ya dubi allo, ya ce masa cikin ladabi: "Baba, a ɗan sake, gogen ba ya kan kii." Dattijon ya sake, allo ya sake nuna ja. A karo na uku ya ajiye gogen a cinya ya ce: "Yaro, shekara arba'in a nan nake ajiye yatsana, kuma ba a taɓa fasa rawa ba." Daga ƙarshe an ɗauka yadda ya kaɗa, bayan ya tafi aka sa manhaja ta miƙe shi. Abin da ya fito yana da tsabta, amma kowa ma zai iya zama mai gogen. Matashin ba mugu ba ne, ƙwararre ne a aikinsa. An dai ba shi mudu ɗaya, ba a taɓa gaya masa akwai wani ba.

A nan haɗarin yake. Kayan kiɗa idan ya ɓace ana iya sassaƙa wani. Kunne idan ya ɓace, wa zai gane an yi rashi? Yaron da ya tashi bai taɓa jin murya ba sai wadda aka miƙe, ranar da ya ji Narambaɗa ko Barmani Choge a tsohon faifai, zai ce ba su iya waƙa ba. Daga nan kuma sai ya ji kunyar su.

Abin da ya rage mana

Larabawa da Turkawa sun nuna hanya. Da fiyanon lantarki ya shiga kasuwarsu, ba su kore shi ba, ba su kuma miƙa wuya ba. Sun nace sai ya faɗi Sika da Bayati. Yau kamfanonin Yamaha da Korg suna ƙera samfura na musamman domin Gabas ta Tsakiya, masu ƙarin maɓallai da ke sauke kowane sauti da rubu'in taku ko da adadin sent da makaɗi ya zaɓa. Ita kanta Auto-Tune tana karɓar wasu tsare-tsaren da ba na 12 ba, ana kuma iya sassauta ta ta bar zamiya ta wuce. Kasuwa tana lanƙwasuwa ga wanda ya san abin da yake so. Su sun sani, domin tun zamanin Alfarabi suke aunawa suna rubutawa.

Mu ma sai mun auna. Nazarin waƙar baka a jami'o'inmu ya yi nisa ƙwarai ta fuskar jigo da salo da zubi da tarihin makaɗa, kuma ayyukan irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau abin alfahari ne. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka tattara ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Ɓangaren da ke jiran ma'aikata shi ne na sautin kansa. Kayan aikin kuma ba su da tsada. Manhajar Praat, wadda ɗaliban kimiyyar harshe ke auna karin sauti da ita, kyauta ce, kuma tana iya nuna inda kowace murya ta tsaya. Ɗalibin digiri na biyu guda, da kwamfuta guda, da faya-fayan da ke ajiye a gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato da Yamai, zai iya fitar mana da taswirar inda mai kukuma ke ajiye yatsunsa, da yadda ta Katsina ta bambanta da ta Zazzau. Idan aka samu wannan a lambobi, ana iya loda shi cikin fiyano da manhaja, matashin situdiyo ya latsa ya ji saitin gidansu.

Ina kira ga sassan Hausa da na kimiyyar lissafi da na injiniyan lantarki su haɗa kai a kan wannan, domin aiki ne da ba ya yiwuwa a sashe guda. Ina kira ga gidajen rediyo su mayar da tsofaffin faya-fayansu zuwa kwamfuta yadda suke, ba tare da an yi musu gyaran murya ba. Masu situdiyo kuma, idan mai goge ko mai algaita ya shigo, a gwada saita fiyano a kansa kafin a ce shi ya bi fiyano. Dattawan da suka riƙe waɗannan sautuka a yatsunsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tsanin 12 aro ne mai kyau, mu hau shi mu kai inda za mu kai. Amma mu koya wa 'ya'yanmu cewa tsakanin hawa da hawa akwai ƙasa, kuma a kanta kakanninsu suka yi tafiya.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.